Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Wasan Zamiyar Ƙanƙara Ta Duniya

Zuwa ga Shugaban Hukumar ISU da 'yan majalisarsa,
Lausanne.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mai wannan wasiƙa ɗan kallo ne daga ƙasar da ƙanƙara ba ta kwanta a ƙasa. Ba ni da ɗan wasa a fili, ba ni da tutar da nake jiran a ɗaga, kuma ko wa ya ci zinare ba a gidanmu za a rataye shi ba. Wannan ne ma ya ba ni bakin magana, don babu wanda zai ce haushin an kayar da namu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Magana ce a kan wasan gwanintar zamiya, wanda ake yi da kiɗa da tsalle da juyi, da yadda kuke ba shi maki, da kuma yadda jama'a suka yi ta zare jiki daga kallonsa a ƙasashen da a da suke mutuwar sonsa.

Kun fi ni sanin inda aka fito. A daren da mata suka yi gajeren wasansu a gasar Olamfik ta Lillehammer a 1994, kusan rabin gidajen Amurka masu talabijin wasanku suke kallo. Bayan nan tashar ABC ta riƙa biyanku sama da dala miliyan 20 a shekara don ta nuna gasanninku. Da yarjejeniyar ta ƙare a 2004, abin da ESPN ta yarda ta biya bai wuce kusan miliyan 5 ba. Tawagar Champions on Ice, wadda take zagaya biranen Amurka da zakaru tana cika zauruka, ta naɗe tabarmarta a 2008.

Na san amsar da za ku bayar, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Cincirindon 1994 ba duka masoyan zamiya ba ne. Da yawa tsegumi ya kawo su, suna son ganin Nancy Kerrigan da abokiyar hamayyarta Tonya Harding a fili ɗaya bayan dukan da aka yi wa Kerrigan a ƙafa a Detroit. Talabijin ma gaba ɗayanta ta rage kasuwa. Kuma a Japan wasan bai taɓa yin sanyi haka ba: Yuzuru Hanyu shi kaɗai ya cika Tokyo Dome a 2023. Duk na ji. Amma akwai kason laifi da yake naku ku kaɗai, kuma a kansa nake so mu tsaya.

A tsohon tsari, alƙali tara ne, kowa ya ɗaga maki biyu, ɗaya na ƙwarewa ɗaya na kyan wasa, kuma ƙololuwa ita ce 6.0. Ƙarƙashin kowane maki ga tutar ƙasar alƙalin. Tsohuwa a falonta ta san 5.9 yabo ne, 5.2 kuwa gatse ne. Lokacin da Jayne Torvill da Christopher Dean na Birtaniya suka gama rawarsu a Sarajevo a 1984, allo ya nuna 6.0 har sau tara a jere a makin kyan wasa, babu wanda ya nemi mai sharhi ya fassara masa. In kuma alƙali ya yi son kai, zauren ya san ko wane ne, a take a yi masa ihu. Ɗan kallo shi ne alƙali na goma, ba ya da maki amma ana jin tsoronsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Idon nan ne ya tona asirin 2002. A gasar Olamfik ta Salt Lake City, a wasan mace da namiji, Anton Sikharulidze na Rasha ya yi tuntuɓe a saukar wani tsalle, 'yan Kanada Jamie Salé da David Pelletier kuwa suka yi nasu ba gargada, amma alƙalai biyar cikin tara suka ba Sikharulidze da Elena Berezhnaya zinare. Ba zan ce babu mai iya kāre wannan hukunci ba, don wasan 'yan Rasha ya fi wuya. Abin da ya ɓata komai shi ne alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce shugaban ƙungiyar ƙasarta, Didier Gailhaguet, ya matsa mata ta zaɓi Rasha, ko da yake daga baya ta janye maganar. Aka ƙara buga wani zinaren aka ba 'yan Kanada, ku kuma kuka dakatar da Le Gougne da Gailhaguet shekara uku.

To, a nan gizo ke saƙar. Cutar da aka gano a 2002 ta mutane ce: ƙungiyoyin ƙasashe suna cinikin ƙuri'a da alƙalansu. Maganin da kuka kawo kuwa na lissafi ne. Kuka rushe 6.0, kuka kafa sabon tsarin tara maki a 2004, aka fara Olamfik da shi a Turin a 2006, sannan, abin da har yau yake ɗaure mini kai, kuka ɓoye sunayen alƙalai. Hujjarku ita ce in ba a san makin da alƙali ya bayar ba, ƙungiyarsa ba za ta iya tsare shi da tambaya ba. Amma alƙalin da dama ra'ayinsa ɗaya da ƙungiyarsa, kun ba shi duhun da zai yi abin da ya ga dama. Wani masanin tattalin arziki na jami'ar Dartmouth, Eric Zitzewitz, ya bi diddigin makin, ya gano fifita ɗan gida ƙaruwa ya yi bayan ɓoye sunayen. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Shi kuwa Gailhaguet, a 2007 ya koma kujerarsa ta shugabancin ƙungiyar Faransa, ya zauna daram har 2020, kuma ba maganar maki ce ma ta tashe shi ba.

Sai Olamfik ta Sochi, 2014. Adelina Sotnikova ta Rasha ta sami 224.59, Yuna Kim ta Koriya ta Kudu ta sami 219.11. Sotnikova ta yi tsalle mai juyi uku sau bakwai, Kim sau shida. Wannan hujja ce, kuma masu kāre hukuncin suna da abin riƙewa. Amma a teburin alƙalai na wannan dare akwai Yuri Balkov na Yukiren, wanda kuka taɓa dakatarwa shekara ɗaya bayan an naɗi muryarsa yana tsara yadda sakamakon rawar ƙanƙara zai kasance a Nagano a 1998. Akwai kuma Alla Shekhovtsova, matar babban daraktan ƙungiyar zamiya ta Rasha, wadda kyamara ta nuna tana rungume da Sotnikova jim kaɗan bayan wasan. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a intanet. Koriya ta kai ƙara, kuka kore ta. Kuma saboda sunayen a ɓoye suke, ko wanda yake son ya wanke waɗannan alƙalai biyu ba shi da abin da zai nuna. Ita kanta yarinyar kun cuce ta, don kun bar mata zinaren da har abada za a riƙa yi masa kallon hadarin kaji.

A taronku na Dubrovnik a 2016 kuka dawo da sunaye. Madalla, ko da yake shekara goma sha biyu aka yi ana faɗa muku. Amfanin hakan bai daɗe ba ya bayyana: bayan Olamfik ta PyeongChang a 2018 kuka dakatar da alƙalan ƙasar Sin biyu saboda fifita 'yan ƙasarsu. Ɗaya daga cikinsu, Huang Feng, shekara ɗaya kuka ba shi, kuma a Beijing a 2022 sai ga shi a kujerar shugaban masu tantancewa a wasan mace da namiji. Kada a ce na sa wa ɓangare ɗaya ido: a PyeongChang ɗin, shugabar ƙungiyar Kanada da kanta ta zauna alƙalanci a gasar rawar da 'yan Kanada ke neman zinare. Matsalar ba ta Rasha ko Sin ko Faransa ba ce. Muddin ƙungiyar ƙasa ce take gabatar da sunan alƙali, ita take tura shi gasa, wurinta zai koma in an tashi, to kowa ya san wa zai faranta wa. Wanda ya ba ka kujera shi kake duba fuskarsa kafin ka danna maki.

Bari mu zo kan takardar sakamakon da kuke wallafawa bayan kowace gasa, don na sha zama da ita a waya ina buɗa ta da yatsu biyu. Layi ne bisa layi: 4Lz, 3A, 3F+3T, FCSp4, StSq3. Gefen wani tsalle an sa <, gefen wani <<, wani q, wani e, wani alamar motsin rai. Ma'anarsu ita ce wannan bai cika juyi ba, wancan an rage masa daraja gaba ɗaya, wancan ya gaza da rubu'i, wancan kuma ya tashi da gefen ƙarfen takalmi da ba shi ne ka'ida ba. Tsallen Luts, alal misali, dole a tashi da gefen waje na ƙarfen. In ƙafa ta karkata ciki ko da kaɗan a daidai lokacin tashi, maki ya zube. Wannan karkata ba ta kai ƙiftawar ido ba. Mutum uku ne kacal, masu tantancewa, suke yanke wannan hukunci, a gaban allonsu, suna maimaita hoton a hankali, kuma hukuncinsu yana iya kwashe makin da ya fi na kowane alƙali cikin taran. Wanda ya sayi tikiti ya zauna a zaure bai ga abin da suka gani ba. Shi dai ya ga yarinya ta sauka lafiya, zaure ya tashi da tafi, ta je ta zauna kusa da kocinta tana haki tana riƙe da 'yar tsana, sai lamba ta fito: 131.46, ko wata mai kama da ita. Zauren ya yi jim. Ba wanda ya san ko murna za a yi ko jaje, sai an ga fuskar koci.

Wata rana ina sake kallon gasar duniya ta 2013 da aka yi a Kanada, wani ɗan ƙanena yana leƙe ta kafaɗata. Patrick Chan ya faɗi sau biyu a dogon wasansa, ya dafa nan ya yi tangaɗi can. Marigayi Denis Ten na Kazakistan ya yi wasan da ya fi na kowa a daren. Da aka haɗa maki, Chan ne zakara, da tazarar da ba ta kai maki biyu ba, saboda ratar da ya bayar a gajeren wasa. Yaron ya ce, “Kawu, ba wannan ne ya sha ƙasa ba?” Na fara yi masa bayanin darajar tushe da makin kyan aiwatarwa da makin tsari, ban kai rabi ba ya koma kan ƙwallonsa. Shi Chan ɗin ma sai da ya ba 'yan kallo haƙuri. A filin kokawa, ko ɗan shekara bakwai ya san wanda bayansa ya taɓa ƙasa ya faɗi, shi ya sa fili yake cika. Ban ce ku mai da zamiya kokawa ba, amma wasan da zakara ke neman gafarar 'yan kallo kan nasararsa, akwai abin dubawa a lissafinsa.

Kun gyara wani abu a 2018, da kuka faɗaɗa makin aiwatarwa, wato abin da alƙalai ke ƙarawa ko ragewa a kan darajar tsalle gwargwadon kyan yadda aka yi shi, daga 3 zuwa 5 sama da ƙasa. Amma ku duba jadawalin da kuka fitar a shekarar. Luts mai juyi huɗu darajarsa 11.50. Wanda ya cika juyin ya faɗi warwas, rabi ya tafi, a cire masa maki ɗaya na faɗuwa, ya tashi da 4.75. Luts mai juyi uku kuwa darajar tushensa 5.90. Wato tsakanin wanda ya share ƙanƙara da mazaunansa da wanda ya sauka a kan ƙafarsa, tazarar tushe ba ta wuce maki ɗaya da 'yan kai ba. Kowane koci ya iya wannan lissafi. Sannan a wannan shekarar kuka share dukkan bajintar da aka kafa a baya kuka ce ta zama ta tarihi, aka fara ƙirga daga sifili. Ɗan kallon da ya wahala ya koyi cewa 300 babban maki ne ga maza, kuka ce masa ma'aunin ya canja.

Ɓangaren kyan wasa kuwa, wanda shi ne ya raba wannan wasa da tsalle-tsallen motsa jiki, shi ya fi shan wuya. Makin tsalle ba shi da iyaka, makin tsari da nuna gwaninta da iya tafiya a kan ƙarfe kuwa kun yi masa rufi. Da can kashi biyar ne, a 2022 kuka mai da shi uku, amma halin alƙalai bai sauya ba: makin yana bin suna ne da yawan tsalle. Wanda ya shigo da suna, ko ranar ba tasa ba ce, ba ya sauka ƙasa da tara cikin goma. Baƙon fuska daga ƙaramar ƙasa ko ya sa zaure kuka, bakwai da rabi ne rabonsa sai ya yi shekaru yana bin layi. Kuma da yake kowane juyi a tsaye da kowane taku yana da matakin da ake nema, kowa ya koma yin abu iri ɗaya, a kama ƙarfen takalmi a ɗaga sama da kai, a sauya gefe, a ƙirga zagaye takwas. Ka kashe sauti, da wuya ka gane wa ke rawa da kiɗan baƙin ciki, wa ke rawa da na biki. Alina Zagitova ta ci zinaren 2018 da tara dukkan tsallenta a rabi na biyu na wasa, don akwai ƙarin kashi goma cikin ɗari a can. Ba ta karya doka ba, ku kuka rubuta ta, kuma sai da aka yi hakan a gaban duniya kuka taƙaita garaɓasar.

Tsarin da ya fifita juyi a sama fiye da komai, jikin da ya fi dacewa da shi shi ne na yarinyar da ba ta gama girma ba. Haka aka yi ta kawo 'yan shekara goma sha biyar, su ci komai a shekara ɗaya ko biyu, su ɓace da ciwon baya ko na ƙugu kafin a gama haddace sunansu. Michelle Kwan ta ci gasar duniya sau biyar tsakanin 1996 da 2003. Mutane sun girma tare da ita, shi ya sa suke kunna talabijin. Wa zai ƙulla soyayya da tauraruwar da ba za ta kai baɗi ba? Ƙarshen wannan hanya shi muka gani a Beijing: Kamila Valieva, 'yar shekara 15, da haramtaccen maganin trimetazidine a gwajinta, an bar ta ta shiga fili duniya na kallonta, ta yi ta faɗuwa, ta fito tana kuka, kocinta na tsare ta da tambayar me ya sa ta saki. A gefe ga Alexandra Trusova, wadda ta yi tsalle mai juyi huɗu har biyar, tana ihun ta tsani wasan, ga Anna Shcherbakova da ta ci zinare zaune ita kaɗai ba mai taya ta murna. 'Yan wasan Amurka da Japan kuwa sai a Agustan 2024, a Paris, suka karɓi lambobinsu na gasar ƙungiya ta Beijing, saboda wannan batu na Valieva. Kun ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 17, kuma wannan na yaba. Amma uwar da ta kalli wancan dare, da wuya ta kai 'yarta filin ƙanƙara.

Ba roƙonku nake ku dawo da 6.0 ba. Tsohon tsarin shi ne ya sa Surya Bonaly ta Faransa, baƙar fatar da tsallenta ya fi na tsararrakinta ƙarfi, ta cire lambar azurfa daga wuyanta a kan mumbari a gasar duniya ta 1994 bayan an kayar da ita biyar da huɗu, kuma shi ne ya sa a Nagano ta yi alkafura ta baya ta dira da ƙafa ɗaya, ta san haramun ce a doka, ta san za a rage mata maki. (Kun halatta alkafurar a 2024, shekara ashirin da shida bayan nan.) A wancan zamani alƙali ba ya bin kowa bashin bayani. Sabon tsarin aƙalla yana gaya wa ɗan wasa inda ya yi asara, kuma shi ya ba Ilia Malinin dalilin da zai kashe kansa a kan Aksel mai juyi huɗu da rabi har ya sauke shi a 2022. Abin da nake cewa shi ne, kun gina tsari don 'yan wasa da kociyoyi da alƙalai, kun manta da wanda ke biyan kuɗin wuta. Ban yi mamaki sosai ba, tunda Ottavio Cinquanta da Jan Dijkema da Kim Jae-youl, shugabanninku tun daga 1994, duk daga ɓangaren tseren ƙanƙara suka fito, inda agogo ne alƙali, ba a musu da shi.

Babban abin da nake nema shi ne ku raba alƙalai da ƙungiyoyin ƙasashensu. Ku ɗauki alƙalan manyan gasanni a matsayin ma'aikatanku, ku biya su, ku riƙa auna aikinsu, kuma kada kowa ya ba ɗan ƙasarsa maki. In tara sun yi kaɗan, ku zaunar da goma sha biyu a riƙa cire wanda abin ya shafa. Wanda aka kama da cinikin sakamako, ya tafi ke nan, ba hutun shekara ɗaya ba. Sannan abin da mutum ukun nan suke gani a allonsu, ku haska shi a babban allon zaure da talabijin, da layin da ke nuna inda ƙarfe ya taɓa ƙanƙara, shugabansu kuma ya ɗauki makirufo ya faɗi dalili cikin jimla ɗaya. Alƙalan ƙwallon ƙafa sun yi haka a gasar cin kofin duniya ta mata a 2023, sama ba ta faɗo ba. Makin kyan wasa kuma ku ba wasu alƙalai daban waɗanda ba ruwansu da ƙirga tsalle, kuma faɗuwa ta yi zafin da ɗan kallo zai gan shi a sakamako.

Akwai kuma maganar bidiyo. Mu da muke nesa, ta YouTube da gajerun hotunan waya muka san wannan wasa, ba ta tikiti ba. Kuna nuna gasar matasa kyauta a can, kun kyauta. Amma sau da yawa wasan da ya girgiza zaure yau, gobe ka neme shi ka tarar an sauke saboda haƙƙin mallakar kiɗa ko na tashar da ta saya, ko a ce ba a yarda a kalla a ƙasarka ba. Tun da kuka yarda a yi wasa da waƙoƙi masu baiti a 2014 wannan rigima ta ƙaru, kuma bai kamata a bar ɗan wasa shi kaɗai yana bin kamfanonin kiɗa yana roƙo ba. Ku zauna da masu haƙƙin ku yi ciniki ɗaya a madadin kowa, ku buɗe rumbun tsofaffin gasanninku, a sa kowane wasa tare da takardar makinsa da sunan kowane alƙali a ƙarƙashinsa, yadda duk mai so zai duba da kansa.

Na gode da sauraro. A huta lafiya.

Naku,
Wani ɗan kallo daga Zariya.